Me ya sa labaran da nake ji a mota ke zama min a kai, na shago kuma sai su wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ne nake riƙe da lissafi a wani shagon atamfa a Kantin Kwari, rediyo a kunne yake tun safe har mu rufe, amma in na koma gida aka ce me aka faɗa a labarai sai in rasa ta cewa. Amma ɗan abin da nake ji a mota a hanyar komawa gida ba na mantawa. Ko dai ƙwaƙwalwata ce ta fara samun matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, lafiyarka ƙalau, aikin da kake yi ne ya jawo haka. Lissafi da rubuta rasit da ciniki da kwastoma duk aikin magana ne, ko ba ka buɗe baki ba a zuci kana cewa turmi goma sha biyu sau kaza, toh shi ma mai karanta labarai magana yake maka, kuma kan ɗan adam ba ya iya bin magana biyu lokaci guda, dole ɗaya ta sha ƙasa. Shi ya sa za ka ga tela yana taka keke ko mai guga yana aikinsa amma ya kwashe shirin siyasa tas har ya ba ka labarin wa ya ce me, don shi hannunsa ne ke aiki, kunnensa a sake yake. Kai kuwa naka a cike yake.

Sannan rediyon shago ba naka ba ne kai kaɗai. Maigida na son wa'azi, yara na son waƙa, wani ya shigo ya murɗa daga Freedom zuwa Arewa ko Rahama, ga ƙarar janareta ga mai tura kura yana ihun a ba shi hanya. A wurin aiki rediyo abokin zama ne kawai, yana ɗebe kewa, kuma wallahi wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne.

A mota kuwa kai ka zaɓi tashar da hannunka, ƙofa a rufe, hanyar kuma ka saba da ita, in go-slow ya riƙe ku ba abin da za ka yi sai saurare. Mu ma'aikatan gidan rediyo mun san da haka, shi ya sa ake ajiye manyan shirye-shirye da safe lokacin fita aiki da yamma lokacin tashi. Ga kuma eriyar mota a waje take, tana kama FM fiye da ƙaramin rediyon da ke cikin shago mai rufin kwano tsakanin benaye. In gajeren zango kake kamawa ma abin ya fi muni, cajar waya da inbata da wasu ƙwayayen fitila na zamani duk suna sa masa shuuu.

Abin da zan ce ka yi, ka daina sa ran riƙe duk abin da ya fito daga rediyon yini guda. Ka ware lokaci ɗaya, misali shirin BBC Hausa na ƙarfe 3 na rana, in kasuwa ta ɗan lafa ka ajiye biro da kalkuleta ka ji kanun labarai ko na minti 5 ne, za ka ga bambanci tun ranar farko. Sauran lokacin a bar abu mara nauyi a rage murya, lissafinka ma zai fi fita daidai.

Amma don Allah in kana tuƙi ne kar ka ɗauki waya ka ce za ka kira shiri kai tsaye, na sha jin mai kira ana jiyo hon ta bayansa hankalina ya tashi. Doka ta hana waya a kan sitiyari, 'yan Road Safety na kamawa a kai, kuma in muhawarar siyasa ta yi zafi har ka ji ranka ya fara ɓaci a shataletale, gara ka rage murya sai ka fita daga cunkoson.