Ga ƙanena da ya yi tambaya kan karatun zane da makarantar Baibul

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarka sau biyu kafin na fara rubutu. Ka ce ka gama sakandare a Zuru, hannunka ya faɗa da zane tun kana firamare, kana son karatun zane a jami'a, amma Baba yana so ka tafi makarantar Baibul, kai ma kuma zuciyarka ba ta ƙi hidimar ba. Kana tsoron kada zaɓen zane ya zama gudun kiran Ubangiji. Ni ma na tsaya a wannan mararrabar. Na karanta zanen ɗab'i, wato tsara rubutu da hotuna don bugawa, a Zariya, yanzu ina da shagon buga takardu a Birnin Kebbi, daga baya kuma na je na yi karatun tauhidi. Shawarata ita ce ka fara da zanen.

Batun tsoron shi ya fi damuna, don haka da shi zan fara. Buɗe Fitowa sura 31. Da za a yi alfarwa ta sujada, Allah ya kira Bezalel ɗan Uri da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, kuma ba wa'azi aka ba shi ba, aikin zinariya ne da azurfa da tagulla da sassaƙar itace da yankan duwatsu. Ya haɗa shi da Oholiyab. Bulus kansa, a Ayyukan Manzanni 18, ɗinkin tanti yake yi a Koranti tare da Akila da Biriskila, ran Asabar ya shiga majami'a ya yi wa'azi. Ka kai wa Baba waɗannan wuraren ku karanta tare, cikin ladabi, ba da niyyar kayar da shi ba. Dattijo da ya ga ɗansa yana son Littafi, burinsa ya ga ɗan a kan bagade, wannan ƙauna ce.

Dalilin fara zane kuwa, hannu yana da lokacinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A jami'a za ka kwana a ɗakin zane, ka zana abu ɗaya sau ashirin malami yana mayar maka, kuma wannan wahalar mai shekara 19 ne ke iya ɗauka, ba magidanci mai 'ya'ya uku ba. Ga bautar ƙasa kuma, wanda ya wuce shekara 30 lokacin gama digiri ba ya tafiya. Makarantar tauhidi kuwa ba ta korar mai furfura. A ajinmu akwai malaman makaranta da tsohon soja, su ne ma suka fi gane darasin kiwon ikilisiya, domin sun riga sun binne iyaye, sun sasanta aure, sun san yadda bashi ke hana barci.

A Jami'ar Ahmadu Bello sashe biyu ne, kada ka ruɗe wajen cike fom ɗin JAMB. Akwai Fine Arts, inda ake fenti da sassaƙa da tarihin zane. Akwai Industrial Design, a nan zanen ɗab'i yake, tare da aikin yumɓu da zanen tufafi. Darussan da kowanne ke nema a jarrabawa ba lalle su zo ɗaya ba, sai ka duba littafin JAMB na shekarar da idonka, kada ka bar wa yaron shagon intanet ya zaɓar maka. Gidan kuma yana da tarihi. Tun kafin ya zama jami'a a 1962, ɗaliban kwalejin suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da zai ba ka sha'awa, Nwoko ne ya tsara majami'ar 'yan Dominika, wata ƙungiya ta cocin Katolika, a Ibadan, Grillo kuma ya yi wa majami'u a Legas tagogin gilashi masu launi. Aikin ɗakin Allah ya daɗe yana neman masu hannu.

Sai dai kada digiri ya yaudare ka. Kasuwarmu manhajojin zane na kwamfuta take ci, CorelDraw, sai Photoshop, kuma yawancin abin da na iya a kansu a shagon wani na koya lokacin hutu. Makaranta ta ba ni ido: yadda ake jera rubutu ya numfasa, launin da ke zama da ɗan'uwansa, inda ya kamata a bar fili. Shago ya koya mini abin da inji ke yi. Launin da ka gani a fuskar kwamfuta haske ne, na takarda kuwa tawada huɗu ce ake haɗawa, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli kan fito a dushe. Ba na manta wani aiki na taron Zumuntar Mata. Na aika wa maɗaba'a rubutun ban mayar da haruffan sun zama zane ba, kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da na yi amfani da shi, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai akwati ya fito. Iyayen nan sun haɗa kuɗin ne daga sayar da dawa da ƙosai. Na sake bugawa daga aljihuna, har yau kuma ba na sakin aikin Hausa ko na C'lela, harshen Dakarkari, sai na karanta gwajin bugu baƙi bayan baƙi. Masu tsara takardu da yawa ba su damu da harsunanmu ba, nan ne nake ganin hidimarka za ta yi amfani ƙwarai: takardun makarantar Lahadi, littattafan koyon karatu, kalandar ikilisiya.

Idan lokacin tauhidi ya yi, makarantu suna nan. Akwai TCNN, Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya, a Bukuru da ta fara karatu a 1959, akwai JETS, makarantar tauhidi ta cocin ECWA, a Jos, 'yan cocin UMCA kuma suna da tasu a Ilori da makarantar Baibul a Tungan Magajiya, nan kusa da mu. Za a nemi shaidar fastonka da dattawa, saboda haka kada ka ɓace daga ikilisiya shekara huɗu ka dawo neman wasiƙa. Shiga zumuntar ɗalibai a makaranta, karɓi ajin yara, bi masu bishara zuwa ƙauye lokacin hutu. A nan za ka gane ko kiran naka ne ko na Baba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ikilisiyoyinmu na karkara baikonsu hatsi ne, ga rashin tsaro ya hana wasu noma. Na ga masu bishara na kirki da kuɗin makarantar 'ya'yansu ya sa su kuka. Shagona ne ya biya mini karatun tauhidi, shi ne kuma ya sa nake iya faɗin gaskiya a kan bagade ba tare da duban fuskar mai kuɗi ba.

Idan Baba ya tsaya a kan bakansa, kada ka yi masa gardama a gaban mutane, nemi faston ku ko kawunka su zauna da shi. Kafin nan ka sayi littafin zane da fensir, kullum ka zana abu ɗaya da ke gabanka: rumbu, akuya, hannun Mama tana tankaɗe. Ka rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne. In ka shigo Birnin Kebbi ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ka zo da littafin mu duba tare.