Ga mai tambaya kan ƙarancin abincin da ba nama a gidajen abinci

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin kusa shekara da barin nama da kifi, amma duk sanda kuka fita cin abinci da abokan aiki sai ki tarar jerin abinci mai shafi huɗu, abin da za ki iya ci a ciki bai wuce salak da soyayyen dankali ba, ki koma gida da yunwa. Kin tambayi dalili, kin kuma tambayi mafita. Bari in fara da dalilin, don mafitar daga can take fitowa.

Gidan abinci ba ya fara girki daga tushe lokacin da kika yi oda. Tun kafin a buɗe ƙofa an ɗora babbar tukunyar romo: ƙashin kaza yana ɗaukar awa uku zuwa huɗu a wuta, na sa kuwa shida zuwa takwas. Daga tukunyar nan guda ake ɗiban ruwan miya, da ruwan dafa shinkafa, da wanda ake sassauta miyar taliya idan ta yi kauri. Ke nan rabin abin da ke cikin jerin ya riga ya sha ruwan nama tun da safe, ko da ba ki ga tsoka ko ɗaya a faranti ba. Idan kuku zai yi abinci marar nama na gaskiya, sai ya ɗora tukunya ta biyu, ya nema mata wuri a firji, ya ware kasko da cokali. A kicin mai murhu shida da ake fitar da faranti ɗari a dare ɗaya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai batun asara. Nama ana yanka shi kashi-kashi a daskarar, a ciro daidai buƙata. Ganye da kayan lambu da aka yayyanka ba sa wuce kwana biyu ko uku. Mai gida yana tsoron zubarwa, sai ya bar abu ɗaya tak, wanda ba ya lalacewa da wuri. Abun ba ya da daɗi, ba a saya, shi kuma ya ce ai ga shi, babu masu so. Wannan lissafin bai yi ba. Masu bincike a Jami'ar Kambirij da ke Ingila sun wallafa wani nazari a 2019, bayan sun bi diddigin faranti sama da 94,000 a ɗakunan cin abinci na kwalejoji uku. Da aka ninka zaɓin marar nama daga ɗaya cikin huɗu zuwa biyu cikin huɗu, cinikinsa ya ƙaru da kashi 41 zuwa 79 cikin ɗari, kuma jimillar cinikin bai ragu ba. Mutane suna ci idan an ba su abin kirki.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, kuma nan nake so ki fi nutsuwa. Matsalarki ba ƙarancin zaɓi kaɗai ba ce. Cikin 'yan kaɗan ɗin da kike gani kamar naki ne, wasu ba naki ba ne.

Miyar kayan lambu ita ce ta farko. Sunanta na ganye ne, amma sau da yawa ruwanta na kaza ne. Miyar albasa ta Faransa yawanci da romon sa ake yin ta. Shinkafar risoto ta Italiya ana yi mata ƙarin romo ludayi-ludayi har ta nuna, yawanci na kaza, kuma ana zuba mata farar giya a farkon girkin, abin da ya kamata mai gudun giya ya sani. Inda ba a dafa romo da ƙashi, ɗunkulen ɗanɗano ne ke maye gurbinsa, da yawansu kuma akwai garin kaza ko kitsen sa a ciki. Kuku da kansa yakan manta da wannan, don a wurinsa ɗunkule kayan ƙamshi ne, ba nama ba.

Kifi ya fi nama iya ɓuya. Miyar da ake zuba wa salak ɗin Siza akwai ƙananan kifin ancobi da aka markaɗa a ciki, haka ma miyar Worcestershire ta kwalba. A girkin Tailan da Biyetnam, ruwan kifi mai gishiri shi ne gishirin, kuma haɗin kori na Tailan sau da yawa da niƙaƙƙen jatan lande ake kwaɓa shi tun kafin ya iso kicin, saboda haka ba a iya cire shi. Miyar miso ta Japan da ruwan dashi ake yi, wanda galibi daga busasshen kifi ake samo shi. Kimci na Koriya kabeji ne a ido, amma yawancinsa da ruwan kifi ko jatan lande aka jiƙa shi. Soyayyen ganye a gidan abincin Sin, sau da yawa miyar kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ce ke ba shi wannan sheƙi mai duhu.

Cuku ma akwai magana. Parmesan na asali, wanda ake kira Parmigiano Reggiano, ƙa'idarsa ta wajabta a daskarar da madarar da sinadarin renet da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. To duk taliyar da aka barbaɗa mata shi, da miyar pesto da ake niƙawa da shi, sun fita daga sahun marar nama a wurin mai tsanantawa. Akwai cukun da ake yi da renet ɗin da ba na dabba ba, amma sai an duba ledarsa. A ɓangaren kayan zaƙi, jelatin daga fata da ƙashin dabba yake, sau da yawa na alade ko na sa, kuma shi ke riƙe da jeli da panakota da wasu nau'in kek ɗin cuku. Jan launin da ake rubuta wa E120 daga wani ƙwaro ake samo shi. Waken da ake dafawa a sake soyawa a girkin Meziko, asalinsa da kitsen alade ake yi.

Soyayyen dankalin da kike komawa gare shi ma bai tsira ba. Ƙaramin gidan abinci tukunyar suya ɗaya ko biyu gare shi, dankali da kaza da kifi duk cikin mai ɗaya suke iyo. Wani wurin kuma da gangan ake sa kitsen sa ko na agwagwa don ɗanɗano. A 2002 kamfanin McDonald's ya nemi afuwa, ya kuma amince ya biya dala miliyan 10, saboda ɗanɗanon naman sa da ke cikin dankalinsa a Amurka alhali mutane na ɗauka man tsirrai ne zalla. Ke za ki yanke wa kanki inda iyakarki take. Wasu sun yarda da mai ɗaya, wasu ba su yarda ba, amma gara ki yanke da sani.

Saboda haka, kalmar "ba na cin nama" ba ta wadatar. Mutane da yawa in sun ji nama, jan tsoka suke ganewa; kaza da kifi da romo ba sa cikin lissafinsu. Ki zaɓi abinci ɗaya, ki yi tambaya a kansa, tambayar da amsarta e ko a'a ce: da ruwan me aka dafa wannan, ruwa zalla ko romo? An sa ɗunkule ko ruwan kifi? Man da aka soya shi ana soya nama a ciki? Sannan ki roƙi mai kawo abincin, cikin girmamawa, ya leƙa ya tambayi kuku. Idan ya amsa miki nan take ba tare da ya shiga kicin ba, ki ɗauka zato yake yi. Ba laifinsa ba ne, ba shi ya ɗora tukunyar ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, tun Disamban 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini ga mai tambaya. Kifi da ƙwai da madara da jatan lande da dangin kawa duk suna ciki, don haka takardar tana da amfani sosai wajen gano ɓoyayyen kifi. Amma nama da romonsa da kitse da jelatin ba sa cikin 14 ɗin. Kada rashin alama ya ruɗe ki. Kuma don Allah kada ki ce jikinki ne ba ya ɗauka alhali zaɓi ne. Kicin mai kula da aikinsa yakan tsayar da komai, a wanke katako da wuƙa, a canja safar hannu. Idan aka yi ta yi musu haka a banza, ranar da mai lalurar gaskiya ya zo sai a yi masa riƙon sakainar kashi.

Alamomi ma sai an karanta su da kyau. Harafin V yawanci yana nufin babu nama babu kifi amma ana iya samun ƙwai da madara. VG ko VE na nufin babu komai na dabba. Ba kowane gida ke bin tsari ɗaya ba, don haka ki duba ƙasan shafi inda suka fassara alamominsu. A Indiya koren ɗigo cikin koren murabba'i shi ne alamar marar nama, kuma a can ƙwai ba ya shiga ƙarƙashin koren.

To ta yaya za ki ƙoshi? Ki daina karanta jerin a matsayin sunayen abinci, ki karanta shi a matsayin lissafin kayan da ke cikin firjinsu. Idan akwai alayyafo a gefen kifi, da wake a cikin wani salak, da ƙwai a abincin safe, da taliya a wani shafi, to duka suna kicin ɗin yanzu haka. Taliya da man zaitun da tafarnuwa da alayyafo da wake aikin minti goma ne a kasko ɗaya. Abin da kuku zai iya shi ne haɗa abin da bai riga ya gauraya ba. Abin da ba zai iya ba shi ne cire nama daga miyar da ta kwana tana dahuwa da shi. Ki roƙi na farko, kada ki ɓata bakinki a na biyu.

Kuskuren da ke mayar da ke gida da yunwa shi ne "a cire mini kazar". An cire kazar, an bar miki ganye, kin biya kuɗin faranti cikakke. Ki riƙa cewa a musanya, ba a cire ba. Ga lissafin: babban mutum yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 yana neman giram 56, kusan giram 20 a kowane zaman cin abinci. Giram 100 na gasasshen ƙirjin kaza yana ɗauke da kusan 30, shi ne aka ɗauke miki. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sai uku kafin su kusa kai giram 20 ɗin. Dafaffen wake ko adas, wani ɗan ƙaramin dangin wake, giram 8 zuwa 9 ne a kowane giram 100, don haka cokali biyu da aka watsa a kan salak ado ne kawai. Kofi guda cike kike buƙata. Awara mai tauri ta fi haka ƙarfi. Latas da tumatir da kokwamba kusan ruwa ne. Sau da yawa haɗa ƙananan faranti uku na gefe, ɗaya na wake ko ƙwai, ɗaya na shinkafa ko dankali, ɗaya na ganye, ya fi abincin nan ɗaya tilo da aka ware wa marasa cin nama ƙosarwa.

Lokaci yana da tasiri ƙwarai. Roƙon da aka ƙi da ƙarfe takwas na dare, kicin na ci da wuta, shi za a karɓa hannu bibbiyu idan kin buga waya tsakanin ƙarfe uku da huɗu na yamma, ko ma kwana ɗaya kafin zuwanku. Ki faɗi yawanku, da abin da ba kya ci, da abin da kike ci, wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. Idan liyafar ofis ce mai tsayayyen jeri, ki sanar da mai shiryawa da wuri, don kayan irin wannan taro kwanaki kafin ranar ake sayen su.

In kuwa kina da ta cewa wajen zaɓen wuri, ki karkata zuwa girkin da marar nama ɗan gida ne a cikinsa. Gidan abincin Indiya yana da shafi guda na adas da wake da cukun fanir. Na Habasha yana da abincin azumi, domin mabiya cocin Orthodox na can ba sa cin komai na dabba ranakun Laraba da Juma'a da kwanakin manyan azumi, saboda haka miyar adas da ta shiro, wato miyar garin wake, kullum suna kan wuta. Na Labanan da maƙwabtanta akwai falafil da hummus da tabbula da gasasshen yalo. Abokan aikinki masu son nama ba za su rasa nasu ba a ko ɗaya cikin ukun. Gidan gashin nama da na kayan ruwa su ne masu wuya. In dole ce ta kai ki, ki ɗan ci abu mai riƙe ciki kafin ki fita, ki kuma sa gyaɗa ko yazawa a jaka.

Idan kun gama ci, ki faɗa wa manajan a sarari cewa da akwai zaɓi biyu ko uku masu ƙosarwa da ke da abokan aikinki za ku riƙa dawowa. Masu gidan abinci sun san mutum ɗaya marar cin nama yakan juya akalar teburi guda zuwa wani wuri, kuma wannan ce hujjar da ke shiga kunnensu.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ya shafi mai shekara guda da barin nama: idan kin rage ƙwai da madara ma, ki kula da bitamin B12. Babba yana buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana, ba a dogara da tsirrai wajen samunsa, kuma hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka ƙarancinsa ba ya nuna kansa da wuri. Ki yi gwajin jini, ki tattauna da likita kan ƙwayar ƙari. Sinadarin ƙarfe, wato ayon, da ke cikin wake da ganye kuwa ya fi shiga jini idan kin matsa lemun tsami a kai, sannan ki jinkirta shayi ko kofi da kamar awa ɗaya bayan cin abinci.