Haihuwa a Ingila kaɗai ba ta ba yaro fasfo

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Kin tambaya ko jaririn da kika haifa a Ingila ya zama ɗan ƙasa, alhali ke da maigidanki kuna kan bizar karatu. Bai zama ba tukuna. Mu ma mun zata haihuwa ta wadatar lokacin da na haifi 'yar farina, sai da muka nemi fasfo aka mayar mana da takardunmu.

Masu ce miki haihuwa ta wadatar ba ƙarya suka shirya ba, tsohuwar doka ce a kansu. A da, duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Dokar 1948 ma ta ba mutanen ƙasashe rainon Birtaniya damar shigowa su zauna su yi aiki, a lokacin kuwa, bayan yaƙin duniya na biyu, ana neman ma'aikata ido rufe a asibitoci da jiragen ƙasa. A watan Yunin shekarar ne jirgin ruwan Windrush ya sauke ɗaruruwan mutane daga Jamaika a tashar Tilbury.

Da baƙi suka yi yawa sai aka fara tura ƙofa. A 1962 aka ce sai da takardar izinin aiki. A 1968 aka yi wata doka cikin 'yan kwanaki don tare Indiyawan Kenya, mutanen da fasfon Birtaniya ke hannunsu, kuma har yau ina ganin wannan a matsayin cin amana. Ta 1971 ta fifita masu iyaye ko kakanni haifaffun ƙasar. Wadda ta shafe ki ita ce ta 1981, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1983. Tun daga ranar, sai ɗaya daga cikin iyaye ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin a lokacin haihuwar.

Amma kada hankalinki ya tashi. Idan ɗayanku ya samu zaman dindindin kafin yaron ya cika 18, kuna iya yi masa rajista, ta nan muka bi. Haka nan idan ya yi shekara goman farko na rayuwarsa a ƙasar, yana da haƙƙin rajista ko da ku ba ku samu ba, muddin bai wuce kwana 90 a waje ba cikin kowace shekara. Mu masu son dogon hutu a gida, a nan muke tuntuɓe.

Abin da zan roƙe ki shi ne adana takarda. A 2018 ta bayyana cewa mutanen da suka shigo tun suna yara kafin 1973, bisa doka, sun rasa aiki, an tsare wasu, an ma kori wasu, don kawai ba su da shaidar zamansu. Sai da ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka. Tun lokacin ba na yar da komai. Ki samu jaka guda tun yanzu, ki zuba takardar haihuwarsa da jan littafin awo, daga baya ki ƙara wasiƙun likita da na makaranta, kuma duk tafiyar da kuka yi ki rubuta ranar fita da ta dawowa.