Kotu Ta Ba Ni Fadamar, Amma Na San Jingina Ce: Ta Halatta Gare Ni?

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. A shekarar fari ta 1984 mahaifina ya ba wani maƙwabcinsa bashin gero buhu shida, shi kuma ya jinginar masa da fadamarsa a wajen Wurno. Dukkansu sun rasu, shaidun ma sun rasu. Kafin rasuwarsa mahaifina ya gaya mini da bakinsa cewa jingina ce. Bara 'ya'yan mutumin suka kai ni ƙara kotun shari'a, ba su da shaida, alƙali ya ba ni rantsuwa, na rantse cewa gadonmu ce, aka bar mini. Ina da takardar hukunci. Tunda alƙali ne ya ba ni, kuma shekara 40 tana hannunmu, akwai laifi a kaina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, fadamar nan ba taka ba ce, kuma hukuncin alƙali bai mayar da ita taka ba. Wajibi ne ka mayar wa magadan mai ita, ka tuba daga rantsuwar da ka yi.

Alƙalin bai yi zalunci ba. Ƙa'idar da Annabi (SAW) ya kafa ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Masu ƙara sun kasa kawo shaidu, gona tana hannunka, ya ba ka rantsuwa, ka yi. Da ya ƙwace ya ba su don kawai zuciyarsa ta karkata gare su, da shi ne ya yi zalunci, ko da ya dace da gaskiya, domin alƙalin da ke hukunci da zato yau ya dace, gobe zai raba marayu da gidansu da wannan zaton. Adalcin da aka ɗora wa alƙali shi ne ya daidaita masu husuma a gabansa, ya saurari kowa, ya bi hujja inda ta kai shi. Adalcin da aka ɗora maka kai daban ne: ka ba mai haƙƙi haƙƙinsa gwargwadon abin da ka sani, kuma kai ka san abin da alƙali bai sani ba.

Imamu Malik ya buɗe babin hukunce-hukunce na Muwaɗɗa da hadisin Ummu Salama, Bukhari da Muslim ma sun ruwaito shi. Manzon Allah (SAW) ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji. Duk wanda ya yanka wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, to kada ya karɓa, yankin wuta ya yanka masa. Ka lura da mai maganar. Idan hukuncin da ya fito daga bakin Annabi bai halatta wa mutum dukiyar da ya san ba tasa ba ce, ina ga takarda mai hatimin kotu? Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta ambaci irin shari'arka kai tsaye, inda Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna da kai ta gaban mahukunta don a ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi, alhali ana sane. Shi ya sa Shehu Halil ya taƙaita mas'alar a Muhtasar da cewa hukuncin alƙali yana ɗauke saɓani, amma ba ya halatta haram. Wani zai ce Imamu Abu Hanifa yana ganin hukunci yana zartuwa har a ɓoye, wato yana halatta abin har tsakanin mutum da Allah. Maganarsa a kan ƙulle-ƙulle ne kamar aure da saki, manyan almajiransa biyu ma sun saɓa masa, kuma shi kansa bai faɗi haka ba ga wanda ya yi da'awar mallakar abin da ya san na wani ne.

Batun shekara 40 shi ne wurin da mutane da yawa ke zamewa, har da wasu masu karatu. Sun karanta a Risala cewa wanda ya riƙe gida shekara 10, mai gidan yana nan, yana sane, bai yi magana ba, to ba a sauraron ƙarar mai gidan daga baya. Wannan shi ne hauzi, kuma kotunanmu suna aiki da shi. Sai dai malaman mazhaba sun bayyana cewa hauzi ba ya ɗauke mallaka daga wani zuwa wani, alama ce kawai da alƙali ke jingina da ita, don al'ada ta nuna mutum ba ya zuba ido a ci gonarsa shekaru bai ce uffan ba sai in ya sayar ko ya kyautar. Wanda ya shiga gona ta hanyar aro ko haya ko jingina, shirun mai ita yana da dalili sananne, saboda haka ko shekara 100 ya yi a ciki tana nan ta mai ita. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce jingina ba ta kulluwa, wato ba ta zama ta mai bin bashi don an kasa fansa.

Rantsuwarka ita ce malamai ke kira gamusa, mai dulmuya mai ita. Muslim ya ruwaito daga Abu Umama cewa wanda ya yanki haƙƙin Musulmi da rantsuwarsa, Allah ya wajabta masa wuta ya haramta masa Aljanna. Aka ce ko abu kaɗan ne, ya ce ko da reshen asuwaki ne. A mazhabar Malik irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara, ta fi ƙarfin ciyar da miskinai goma. Tuba ce maganinta, kuma tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin.

Yanzu lissafi. Bashinku gero ne buhu shida, gero buhu shida za a biya ku, ko kuɗinsa na ranar biya in kun yarda da juna. Amma cin amfanin gonar jingina a kan rance ba ya halatta, domin rance ne da ya jawo amfani, duk da cewa abin ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu har ana ganinsa taimako. Fadamar da ake noma shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da rani, ta biya buhu shida tun kana yaro. Asalin hukunci shi ne a ƙiyasta kuɗin hayar irinta na shekarun nan, a cire bashinku, ragowar ta zama tasu. Na san wannan lissafi zai yi maka nauyi, kuma ba na ganin za a iya tantance shi daidai, don haka sulhu ya fi: ka nemi su yafe abin da ya wuce, ku kuma ku yafe geron. In sun yafe da daɗin rai, ka kuɓuta. Shekarar da ka noma bayan rantsuwa kuwa ka biya hayarta sai in sun bar maka. Injin ban-ruwanka ka ɗauke abinka. Rijiyar da kuka haƙa ku daidaita a kanta.

Idan kana da 'yan'uwan gado, ka gaya musu abin da mahaifinku ya gaya maka. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayar da adalci da shaida don Allah ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. In sun gaskata ka, ku mayar gaba ɗaya. In sun ƙi, iƙirarinka yana lazimtar rabonka kai kaɗai, sai ka fitar da shi ka miƙa.

Abu guda nake ja maka kunne a kai: kada kunya ta sa ka ce musu kyauta ka ba su. Ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba, kuma bayan ranka 'ya'yanka na iya tasowa da takardar kotun nan su ce tsoho ya yi kyauta cikin ruɗewa. Ba sai ka tara jama'a ka tona kanka ba. Ka ɗauki liman da maigari, ka faɗa a gabansu cewa jingina ce ka mayar, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, sannan ku koma kotun da ta yi hukuncin a shigar da sulhun cikin littafinta don takardar farko ta daina aiki.

Wallahu a'alam.