Zangon karatu a Uganda: asarar lokaci ne?

Baba, ka ce 'yarka da ke jami'ar Kirista a Amurka tana son yin zango ɗaya a Uganda, kana tsoron ɓata lokaci. Kwantar da hankalinka. Shirin na Jami'ar Kirista ta Uganda ne, wadda aka kafa a 1997 a Mukono, gabas da Kampala. Kusan wata huɗu ne. Za ta shiga aji da 'yan ƙasar, ta zauna gidan wasu iyali, ta ci matoke (ayaba ce dafaffiya, sai ta saba). Amma kafin a biya ko sisi, ta samu magatakardar jami'arta ya rubuta mata cewa za a lissafa makin darussan cikin digirinta.