Amsa ga mai neman injin buga sitika na hannu

Salamu alaikum jama'a. Malam, na saurari muryar da ka ajiye, kana tambaya wane injin buga sitika na hannu za ka saya don ɗakin aikinka na gida, ko na Brother, ko na DYMO, ko ƙananan nan da ake haɗawa da wayar hannu. To ni abin da na fahimta, so kake ka ja durowa ka san noti ne a ciki ko wosha, yau da kuma nan da shekara biyar. Idan haka ne, ajiye maganar inji tukuna. Tef ɗin za ka fara zaɓa, inji ya biyo baya.

Saboda iri biyu ne fa. Akwai wanda babu tawada a cikinsa kwata-kwata, zafi ne kawai yake taɓa takardar rubutu ya fito. Irin rasit ɗin injin cire kuɗi ke nan, ka bar shi cikin mota a rana ka dawo ka ga abin da ya zama. Sai kuma mai ribon a cikin kaset, zafi ya narka tawadar ta kama tef. Na Brother da ake kira TZe ma har da leda garai-garai a samansa, rubutun yana tsakiya a rufe. Ka shafa masa baƙin mai, ka goge da tsumma, yana nan daram.

Wallahi abin nan har yau yana ci mini rai. Ƙanina ne ya kawo mini ɗan ƙaramin nan na waya, irin na farko mara tawada, tsaraba. Na zauna na bi akwatunan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, M6, M8, M10 (lambobin kaurinsu ke nan), dogo da gajere, har da tsawon kowane sukuru na rubuta. Aiki ya yi kyau, duk wanda ya shigo sai ya tanka. Layin da ke kusa da taga shi ya fara tafiya, rubutu ya koma toka-toka, daga nan fari fat. Na kusa da injin walda kuma baƙi ya yi gaba ɗaya. Kuma a jikin kwalin an rubuta wai ruwa ba ya yi masa komai. To ni ruwa na kawo ƙara? Wa yake wanka a ɗakin aiki? Zafi ne da rana da giris. Ga shi kafin ka buga kalma ɗaya sai ka wanke hannu, ka ɗauko waya, ka buɗe manhaja, ita ma ta ce sai an sabunta ta. Kana riƙe da sifana a hannu ɗaya... kai, bar maganar kawai.

Yauwa, faɗin tef. Durowoyin robar nan na ƙananan kaya, milimita 12 ya ishe su, wasu ma 9. Brother PT-H110 iyakarsa 12, haka DYMO LabelManager 160. Idan kana son manyan rubutu a kan akwati da za ka hango daga bakin ƙofa, Rhino 4200 na DYMO yana kaiwa 19.  PT-E550W na Brother ne mai 24.

Ka ambaci wayoyin wuta, ko? Nan kada ka sa tef na yau da kullum, yana da tauri, ka naɗe shi a waya da daddare da safe ka tarar ya buɗe baki. Akwai mai laushi da aka yi don haka, TZe-FX a Brother, na nailan a Rhino. Akwai kuma bututun da ake bugawa a kai, ka zura a waya, ka hura masa zafi ya tsuke. Amma ba kowane inji ne yake karɓarsa ba, sai na ma'aikatan wuta, ka duba kafin ka biya. Roba mai kaushi kuma mai gam mai ƙarfi take so, TZe-S. Kuma don Allah ka goge wurin da sifirit kafin ka manna. Mutane suna mannawa kan maiƙo, ya faɗi, su ce tef ne jabu.

Wani abu da ba a faɗa maka a shago: ƙananan na Brother suna fitar da kusan milimita 25 fanko a gaban kowace sitika, kaset ɗin kuma mita 8 ne. Don haka jera sunayen duka a layi ɗaya ka buga, ka raba da almakashi.

H110 da LabelManager 160 batir shida AAA suke ci, ka nemi adafta tun ranar farko. Madannai kuma ka ɗauki mai jerin kwamfuta, wanda aka jera haruffansa A, B, C ɗin nan zai ɓata maka lokaci.

Ni a matsayinka H110 zan ɗauka da TZe-231, baƙi kan fari, sai dai idan aikin wuta ya fi yawa. Auna gaban durowar ka turo mini in gaya maka 9 ne ko 12.