Hukuncin haɗa wa mai noman wiwi bokitan shuka a cikin ɗaki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne a Gusau. Na karanci aikin gona amma har yau ban samu aiki ba, gonarmu kuma tana wajen Ɗansadau, shekara huɗu ke nan ba mu taka ta ba saboda rashin tsaro. Sai na koyi shuka a bokiti mai shayar da kansa: ruwa a ƙasa, ƙasar shuka a sama, lagwani yana jawo ruwan a hankali. Ina kuma haɗa ƙasar da takin gargajiya da ƙwayoyin halitta masu taimakon saiwa. Tumatir da attaruhu sun yi kyau a tsakar gidanmu har na sa hotonsu a Facebook. Wani mutum ya gani ya kira ni, yana so in haɗa masa bokiti 40 a wani ɗaki da ya toshe tagoginsa ya sa fitilu, in riƙa zuwa duk mako ina dubawa. Da na tambaye shi abin da za a shuka sai ya ce wiwi ne, amma na magani, kuma kada in faɗa wa kowa. Ya ba ni kafin alƙalami, na kashe rabi a maganin mahaifiyata. Malam, ni ko sigari ban taɓa sha ba, kuma ba ni zan sayar ba. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce a mazhabar Malikiyya wiwi ba giya ba ne, ba najasa ba ne, babu haddi a kansa, kaɗan daga cikinsa ma ya halatta. Shin zan iya yin aikin?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ɗana, Allah ya ba mahaifiyarka lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma mayar da ku gonarku cikin aminci.

Wannan aiki bai halatta gare ka ba, kuɗinsa ma haka. Abin da ya yanke hukuncin yana cikin wasiƙarka, inda ka ce ka tambaye shi ya gaya maka wiwi ne. Kafin wannan amsa, da ka haɗa masa bokiti ɗari ka karɓi kuɗinka ka tafi, babu komai a kanka. Bokiti halal ne, lagwani halal ne, ƙwayoyin halittar nan kuwa ni'ima ce Allah ya ajiye cikin ƙasa. Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa ya ga gidansu. Amma yanzu ka sani, kuma daga bakin mai abin ka sani.

Mu mutanen Zamfara ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan ƙa'ida. Fetur halal ne, burodi halal ne. To me ya sa a watan Satumba na 2021 aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwannin mako? Saboda an san inda kayan ke tafiya. Wanda ya ɗora jarkoki a babur ya nufi daji da su, ko yaro ya san ba ciniki kawai ya je yi ba. Malamanmu tun da can sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matse, da sayar da makami ga ɗan fashi. Naka ma ya fi na mai inabi nauyi, don shi ya sayar ya wuce, kai kuwa duk mako za ka koma ka duba ganye, ka gyara ƙasa, ka ƙara ruwa. In an duba da kyau, shi mai ɗaki ne kawai, kai ne manomin. A hadisin mutum goma da aka la'anta game da giya akwai mai matsewa da mai dako, kuma ba a shardanta cewa sai sun kurɓa ba. Don haka cewa ba ka sha alheri ne da nake roƙon Allah ya dawwamar da kai a kai, sai dai bai fitar da kai daga wannan mas'ala ba.

Maganar abokinka ce nake so in daɗe a kanta, don ba kai kaɗai aka faɗa wa ita ba, kuma tana da asali a littafi, abin da ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari.

Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kan hashisha, wato wiwi, ba, domin ba ta yaɗu cikin Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na shida da farkon na bakwai bayan Hijira. Da ta yaɗu, malamai suka zauna su gane wace iri ce. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684, ya raba abubuwan da ke taɓa hankali kashi uku a littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya, mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum gaba ɗaya har ya daina ji da gani. Ya sa hashisha a kashi na biyu, dalilinsa kuwa shi ne ya ga mashaya giya suna tashin hankali da faɗa, masu hashisha kuma suna yin lamo. A kan wannan ya ce ba a yi wa mai cinta haddi, sai dai horo na ta'aziri, kuma ita ba najasa ba ce. Daga nan ne aka ce ɗan abin da bai kai ya taɓa hankali ba daga irin wannan kashi ba a haramta shi kamar yadda aka haramta ɗigon giya. Ga inda abokinka ya ɗebo maganarsa.

To amma ya tsaya a tsakiyar shafi. Shehu Khalil, mai Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, da ya kawo saɓanin malamai kan ko hashisha mai sa maye ce ko mai ɓata hankali ce a littafinsa At-Taudih, ya faɗa ƙarara cewa ɓangarorin biyu sun haɗu a kan hana cinta. Abin da suka saɓa a kai shi ne irin hukuncin da alƙali zai yanke, da kuma ko sallar wanda ke ɗauke da ita a aljihu ta inganta. Babu ɗayansu da ya ce a sha, balle a noma wa jama'a. Kuma rashin zama najasa bai taɓa zama hujjar halacci ba: gubar ɓera da ake sayarwa a kasuwa ba najasa ba ce, wa zai ce a ci?

Sannan shi Khalil ɗin ya kawo ra'ayin malaminsa, Shehu Abdullahi Al-Manufi, wanda ya ce hashisha mai sa maye ce sosai. Hujjarsa daga abin da ido ke gani ya ɗauko ta: mun ga masu shanta suna sayar da dukiyarsu saboda ita, da ba su jin daɗi a cikinta da ba su yi haka ba. Ni wannan nake rinjayarwa, kuma ban ga yadda wanda ke zaune a unguwanninmu zai musa ba. An sha kawo mini ƙarar yaron da ya kwance fankar ɗakin uwarsa ya sayar, ko ya ɗauke buhun geron gida. Ba don abin da ba ya jin daɗinsa yake yin haka ba. Ibnu Taimiyya ma a kan haka yake, har ya ce haddin giya ya hau kan mai shanta. Sayyidina Umar kuma ya faɗa a kan mumbarin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. In ta tabbata mai sa maye ce, to ƙofar "kaɗan" ta rufe, domin abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Akwai kuma abin da Al-Ƙarafi bai gani ba, Allah ya jiƙansa, kai kuwa da ka karanci aikin gona ka fi ni saninsa. Ganyen zamaninsa daban, na yau daban. Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, wanda ake kira THC, masu noma sun yi shekaru suna zaɓen iri don ƙara shi. A Amurka, wiwin da hukuma ta kama a 1995 yana ɗauke da kusan kashi 4 cikin 100 na wannan sinadari, zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. Noman cikin ɗaki da fitilu, irin wanda aka kira ka ka yi, shi ne ke fitar da mafi ƙarfinsa. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da Brazil, ya gano cewa masu shan irin mai ƙarfin nan kullum sun fi waɗanda ba su sha haɗarin taɓin hankali kusan ninki biyar. Iyayen da suka taɓa ɗaukar ɗansu ɗaure a mota zuwa asibitin masu taɓin hankali na Kware sun san wannan ba tare da an karanta musu ba. Ko da za mu sallama wa abokinka maganar "kaɗan", ka tambayi kanka: bokiti 40 don ɗan abin da bai taɓa hankali ake shuka su? Duk gwanintar da za ka zuba a ƙasar shukar nan, ƙarfin ganyen za ta ƙara.

Ka gaya wa abokin naka, cikin ladabi, ya koma ya karanta mas'alar har ƙarshenta a gaban malami. Ina jin tsoron ranar da wani yaro zai kunna ta farko da maganarsa.

Batun magani ba zan musa asalinsa ba. Malamai sun halatta banju, wato abin gusar da hankali, don yin tiyata, kuma a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga wannan tsiro don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Irin wannan, in amintaccen likita ya rubuta, babu wani da zai maye gurbinsa, kuma ya zo ta hanyar da hukuma ta yarda, ba mu hana shi. Amma magani yana da kamfani da lasisi da awo da sunan mai yi a jikin kwalba. Mutumin da ya toshe taga ya ce kada ka faɗa wa kowa, shi da kansa ya gaya maka ba wannan yake yi ba. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa Kanada ta halatta a 2018. Majalisar wata ƙasa ba ta halatta abin da Allah ya haramta, kuma ko a dokar ƙasa, kai a Najeriya kake. Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta haramta shuka shi, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ranar da aka fasa ƙofar ɗakin nan, mai yiwuwa shi ba ya nan. Wanda maƙwabta suka saba gani yana shiga duk mako shi za a nuna, saƙonnin da ke wayarka kuma su ƙarasa shaida. Wa zai kula da mahaifiyarka a lokacin?

Ka kuma yi tunanin inda ganyen zai ƙare. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. Mu nan kuma mun san ƙwaya da ganye suna cikin kayan da ake kai wa 'yan bindiga daji. Ban ce mutumin nan can zai kai ba. Amma kai da aka raba da gonar gado, bai kamata ko da zato guminka ya bi wannan hanya ba.

Kuɗin da ka karɓa kuwa, tunda ba ka yi aikin ba, nasa ne. Ka mayar masa da rabin da ya rage yanzu, wanda ka kashe kuma bashi ne a kanka, ka biya a hankali gwargwadon iko. Kada ka biya shi da bokitai ko da haɗaɗɗiyar ƙasa, kada kuma ka koya masa yadda ake yi ko ka haɗa shi da wani mai yi, duk hukuncinsu ɗaya da aikin. Ka yi istigfari a kan karɓar da ka yi bayan ka sani. Mahaifiyarka babu komai a kanta game da maganin da ta sha, kuma ban ga amfanin ɗaga mata hankali da labarin tana kwance ba. Ga sauran maganinta, ka tunkari kawunnanka da limamin unguwarku, ka kuma kai takardun asibiti Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Neman taimako a irin wannan hali ba abin kunya ba ne.

Kada ka koma ɗakin nan, ko don sallama. Ka tura masa kuɗin ta banki don ya zama akwai shaida, ka ce masa ba za ka iya aikin ba, kada ka tsaya jayayya ko barazana. Ka sanar da wani babba a gidanku mai riƙe sirri tun yau. Sanar da hukuma yana cikin hana mummuna kuma ina ƙarfafa shi, amma a yanayin da muke ciki ka bi ta hannun wannan babban, ta yadda sunanka ba zai fito ba.

Sana'arka kuwa kada ka yar da ita saboda wannan. Gusau cike take da mutanen da aka koro daga ƙauyukansu, manoma ne tun kaka da kakanni, yau ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Akwai zawarawa da matan da ba su fita, waɗanda bokiti biyar na tumatir da alayyafo da yakuwa a bayan ɗaki zai rage musu kuɗin cefane, ga shi ba ya cin ruwa kamar ban-ruwan yau da kullum. Ka fara da gidaje uku a unguwarku, ka sa farashin da za su iya. Duk wanda kuma ya sake kiranka aiki daga Facebook, ka tambaye shi abin da zai shuka kafin ka karɓi ko sisi, kamar yadda ka tambayi wannan. Ka rubuto mini bayan wata guda in ji yadda jikin mahaifiyarka yake da inda aka kwana a batun bashin.

Allah ne mafi sani.